Na Sharye Su Tas

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya jinin mutane da kike wuni kina leƙawa? Mu nan lafiya lau. Gwiwar mamanki ta ɗan lafa, bakinta ne dai bai lafa ba. Kunnena na hagu yana nan yadda kika bar shi, na dama ma ya fara koyi da ɗan'uwansa, shi ya sa ban kira ki a waya ba. Kin san yadda muke ƙarewa: ke kina ihu, ni ina "na'am?", kamfanin waya yana godiya.

Za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna a wurin direban babbar motar nan da ke bi ta garinku, alhali ga kwamfuta a shago. To nemi wuri ki zauna. Ubanki ya yi aikin injiniya.

Kin tuna jerin nan da ke buɗewa in an danna kusurwar ƙasa, inda manhajoji suke? Wanda kika tsara mini kafin ki tafi, kika raba shi gida uku, Na Kullum, Na Jefi-jefi da Kada Ka Taɓa, kika sa wa kowace manhaja suna da Hausa? To ranar nan na ga ya kamata shagon buga takardu irin nawa ya ɗan yi kama da ofis. Na shiga gidan Kada Ka Taɓa, kin san ni da abin da aka hana, na sami wani maɓalli na danna. Ta yi mini tambaya da dogon Turanci, a ƙasa ga eh ga a'a. Aji biyun sakandaren da na yi sun raka ni zuwa tsakiyar tambayar suka juya. Amma ban ga yadda magidanci zai tsaya yana inda-inda a gaban na'urar da ya saya ba. Na danna eh. Uwata, kafin in ƙifta ido na sharye su tas, daga sama har ƙasa.

Washegari wani dattijo ya zo a buga masa wasiƙar ta'aziyya. Na gyara tabarau, na kai ɓeran kwamfutar inda hannuna ya saba zuwa, wurin da da aka rubuta "Baba, wasiƙa a nan." Sai karta ta baje a allo. Na ce masa na'urar tana ɗumama jiki ne. Na danna na ƙasa, sai kiɗa ya ɓarke, irin na gidan rawa, da ƙarfin da har kunnen hagu ya shaida. Bawan Allah da hawaye a ido, ni ina lalube, mai gyaran takalmin ƙofar shago ya fara kaɗa kai. Daga ƙarshe wayar wuta na fizge daga bango. Dattijon ya ɗauki takardarsa ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, malam." Ba kunne yake nufi ba.

Yanzu dai ba na ganin komai. Har wanda nake aiko miki da saƙo ta cikinsa, wanda kika sa wa "Baba, ni ce nan," na neme shi sama da ƙasa ban gan ki ba. In kin sami sarari ki rubuto mini yadda ake yi. Ba gaggawa, fotokwafi na tafiya, ita maɓallinta ɗaya ne, mun fahimci juna.

Ubanki, injiniya ba takarda.

*

Baba,

Wa'alaikumussalam. Ina lafiya, a gaishe da Mama, a ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Baba, me ka yi? Ka ce ka share su tas. A cikin Kada Ka Taɓa akwai maɓallin da ke wanke na'urar gaba ɗaya, ya mayar da ita kamar ranar da aka sayo ta, kuma in aka yi haka karta da kiɗa ne suke saura, su da suka zo da ita. Shi ka danna? Aikin ɗaliban da ke gama makaranta duk yana ciki. Akwai waɗanda suka kawo rubutun hannu muka buga muka mayar musu, wasu kuma sun ce a zubar da takardun tunda an buga. Na shekara guda ne aikin, Baba. In ya tafi, me za ka ce musu?

Tun da na karanta wasiƙarka ban iya cin abinci ba. Na je wurin shugabar sashenmu na roƙi hutun gaggawa, na ce an yi asara a gida. Ta tambaye ni wa ya rasu. Da na yi mata bayani sai ta ce in fita mata daga ofis, ta kuma faɗa a gaban sauran ma'aikata cewa ga wadda ke neman hutun makokin kwamfuta. Yanzu da sunan suke kirana.

Don Allah kada ka kunna ta. Kada ka bari kowa ya taɓa, ko da ya ce shi gwani ne. Wani lokaci ana iya ceto abin da aka goge in ba a ɗora sabo a kai ba. Ka rufe ta da mayafinta ka jira ni, zan sake roƙo ƙarshen wata.

Ka amsa mini ta hannun direban nan, kada ya juyo ba takarda. Kuma don Allah ban da wasa.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkiri, motar direban ta kwanta a hanya, sai da aka sauke mata ciki. Wasiƙarki ta iso da tabon baƙin mai. Mamanki na gaishe ki, gwiwa da sauƙi. Ni kuwa tun da na karanta nake dariya har haƙarƙarina ya yi tsami.

Shirya na rubuta, Uwata! Na shirya su! Ba sharewa ba. Na koma na duba kwafin da na ajiye, sai na ga abin da na rubuta bai zama shirya ba, bai zama share ba, ya tsaya a tsakiya kamar ni a makaranta. Malamin da ya koya mana rubutu an yi masa canjin wurin aiki kafin ya kai mu ƙarshen wasula.

Kwantar da hankalinki. Ban ji maganarki ba, na kunna ta, don wata ɗaliba ta zo ta tsaya mini a wuya. Ita da kanta ta zauna ta tono aikinta, yana nan cif, da na sauran duka. Ta ce maɓallin da na danna jerin kawai ya mayar yadda masu na'urar suka yi shi, da sunayen Turanci, an jera daga A har ƙasa. Ta ce abin da ke cikin jerin ƙofofi ne kawai, ɗakunan na nan. Kin ga ke nan ba abin da ya ɓata. Sunayen nan naki ne kaɗai suka tafi. Ki gaya wa shugabarku mamaciyar ta farfaɗo.

Tunda hankali ya kwanta, bari in ba ki asalin labarin ki yi dariya. Kin san Dakta, ba na allura ba, na littafi, wanda muka zauna benci ɗaya a aji ɗaya, yana kwafar lissafina. Ya yi ritaya ya dawo unguwa. Ya shigo a buga masa jawabi, maimakon ya zauna a kujerar baƙi sai ya zagayo bayana, kin san masu ilimi ba sa yarda da kujerar da ba ta kallon allo. Na buɗe jerin. Sai na ji yana karantawa da ƙarfi.

"'Baba, lissafi, a hankali.' 'Hoton fasfo, kada ka yanke wa mutane kunne.' 'In ta ƙi, kashe ka kunna.' 'Karta, sai an tashi.' Kai mutumina, kwamfuta ce wannan ko allon 'yan rainon yara?"

Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Akwai mutum biyu a shagon suna jiran fotokwafi, su ma suka leƙo. Ya ce, "Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Kin san ubanki ba a kama shi ba amsa. Na ce, "Wata yarinya ce na taɓa ɗauka aiki. Kanta bai cika ja ba, kowa Baba take ce masa. Na sallame ta."

Shagon ya ɗauka da dariya. Dakta har da dukan tebur. Mai gyaran takalmi ne kawai bai gane barkwancin ba, ya ci gaba da buga ƙusarsa. Suna fita na ce bari in gyara abin nan kafin wani ya sake gani, sauran kuma kin sani.

Yanzu ki aiko mini da yadda zan gane wanne ne wanne, don sunayen Turancin nan duk kamar sunan magani suke.

Ubanki, mai wasali ɗaya da rabi.

*

Uwata,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, in ban da shiru da ya yi yawa a gidan.

Direba ya wuce, ya sake wucewa, hannu wayam. Da farko na ce ya yar da wasiƙata ne, ko ya goge hannu da ita. Na tare shi a bakin titi na ce ya faɗi gaskiya. Ya ce, "Maigida, hannu da hannu na ba ta a ƙofar asibiti. A tsaye ta karanta. Ta ninke ta sa a aljihun farar rigarta, ta ce in gaishe da Mama." Na ce, da wa kuma? Ya ce shi dai iyakar abin da aka ba shi ke nan, ba ya ƙara kaya a hanya.

Na ɗauka zancen shugabarku ne ya ɓata miki rai, sai na ba mamanki labarin duka don ta taya ni ganin abin dariyar. Da na zo wurin Dakta sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Ta ce, "Ka sallame ta?"

Na ce wasa ne.

Ta ce, "Yarinyar da ranar tafiyarta ni na haɗa mata jaka, don tana can shagonka tana rubuta maka Baba kaza Baba kaza? Har mota ta kusa tashi ba ta? Ita ce kanta bai cika ja ba?"

Na ce ai Dakta bai san ke ba ce. Ta ce, "To ai shi ne."

Tun ranar abinci na zuwa, magana ba ta zuwa. Ni da nake kukan bakinta, yanzu har tari nake yi ko za ta ce sannu.

Shago kuma masu buga takarda sun koma tsallaken titi, wurin yaran nan masu kwamfuta uku. Ina zaune ina kallonsu ta taga, ni da fotokwafi da jerin sunayen magani. Jiya na gwada sa'a na danna wani, sai ga fuskata ta cika allo, ashe kyamara ce. Ban ji daɗin mutumin da na gani ba, na kashe.

Ki rubuto, ko zagi ne. Na san ba ki iya ba, amma mamanki za ta iya ba ki aro.

Ubanki.

*

Baba,

Ina lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

A bayan takardar nan na zana maka hoton kowace manhaja, tunda hotunan ba su canja ba. Farar takarda mai alƙalami ita ce ta wasiƙa. Koriya mai layi-layi ta lissafi. Mai kama da almakashi ta hoton fasfo. Ambulan ita ce ta saƙo.

Ka kai ɓeran kan kusurwar da jerin ke buɗewa, ka danna maɓallinsa na dama, ba na hagu ba. Ka zaɓi layin da na kwafa maka da manyan baƙaƙe a ƙasan zanen, shi ne na gyaran jeri. A nan za ka iya buɗe sabon gida ka sa masa suna. Sai ka kama manhaja da ɓeran, kada ka saki, ka ja ta ka jefa a gidan da kake so. Waɗanda kake amfani da su kullum ka sa su sama. In za ka canja wa manhaja suna, danna dama a kanta, ka goge na Turancin ka rubuta naka. Sunan kawai kake canjawa, ba abin da zai lalace. Kada ka sake danna eh ga tambayar da ba ka karanta ba.

Sunayen ba zan aiko maka ba. Ka sa waɗanda ba za su ba ka kunya ba.

Ka ce ba abin da ya ɓata sai su. Na san inda hannunka ke rawa, Baba, na san inda kake yin sauri ka yi kuskure, na san ba za ka taɓa tambayar kowa ba ko shagon zai rufe. Shi ya sa na rubuta su yadda zan faɗa maka in ina tsaye a bayanka. Na yi zaton duk safiya in ka buɗe za ka ji muryata. Ban san ɓoye ta kake so ka yi ba.

An yi mini dariya a wurin aiki saboda kai, na haɗiye, don ubana ne. Kai aka yi maka dariya saboda ni, sai ka ce ba ka san ni ba.

Kada ka ba ni haƙuri. Ka iya ba da haƙuri, za ka naɗe shi cikin barkwanci in yi dariya in manta, haka muke yi tun ina ƙarama. Dakta za ka gaya wa. A shagon, inda ka faɗi waccan, da mutane a wurin. Ka ce masa 'yarka ce ta rubuta. Shi ke nan abin da nake so.

Kafin nan wasiƙuna na Mama ne. Hutuna ya fito, amma ban sayi tikiti ba tukuna.

'Yarka, in ka yarda.

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Gwiwar mamanki ta tashi kwanan nan saboda sanyin damina, amma tana takawa. Wasiƙarki ta iso mata. Kin manta idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, don haka ni na karanta mata, da ƙarfi, tun daga "Mama" har "'yarki." Kin gaishe da maƙwabta, kin gaishe da mai gyaran takalmi, kin tambayi lafiyar kyanwa. Na karanta a hankali ko na tsallake layi. Mamanki ta ce, "Ba ka tsallake ba."

Jerin ya gyaru. Na bi zanenki, na danna dama ba hagu ba, na ja na jefa. Sau ɗaya ta yi mini tambaya, na ce a'a, ban mutu ba. Gida uku na yi: Abin da Na Iya, Abin da Nake Zaton Na Iya, da Abin da Ya Fi Ƙarfina. Na ukun ya fi cika. Sunayen kuwa na zauna in mayar da naki, sai na ga ba ni da fuskar rubuta "Baba" da hannuna. Na sa Wasiƙa, Lissafi, Hoto, Saƙo. Suna aiki. Kamar ma'aikatan da ba sa gaisuwa.

Masu buga takarda sun fara dawowa. Dakta ma ya dawo, da wani sabon jawabi mai shafi da yawa. Na hango shi yana tsallako titi. Akwai mace ɗaya da wani tela suna jiran aiki, mai gyaran takalmi na bakin ƙofa. Na ce yau ce, Allah ya haɗa mini shaidu.

Ya zagayo bayana kamar yadda ya saba. Ya ce, "Har yanzu Hausar dai? To amma wannan ya fi. Ya fi shirmen sakaryar yarinyar nan taka."

Kin ga har ƙofa ya buɗe mini. Na cire tabarau. Na juyo da kujera. Na ce, "Dakta, yarinyar nan."

Ya ce, "Wacce?"

Na ce, "Wadda na ce maka na sallama."

Ya ce, "Eh, me ta yi kuma?"

Mai gyaran takalmi ya dakata da guduma a sama. Maganar tana nan a kan harshena, Uwata, wallahi na ji nauyinta. Na dubi fuskar Dakta, na ga ya riga ya shirya bakinsa zai yi dariya, yana jiran in ba shi dalili, kamar yadda kowa ke jira in na buɗe baki tun muna aji ɗaya. Sai na ji kaina ina cewa, "Ashe ita ce ta sallame ni."

Ya fashe. Tela ya fashe. Matar ma ta rufe baki da mayafi. Dakta ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai ba ka tsufa." Gudumar ta sauka a kan ƙusa, ta sake sauka, da ƙarfin da takalmin bai buƙata ba.

Da na koma gida mamanki ta dube ni kawai, ta gane.

Na so in rubuto miki cewa na faɗa. Direba ba zai tona ni ba, Dakta ba ku haɗuwa. Har na fara, na yage. Na kuma so in ce abin da na faɗa rabin gaskiya ne, a karɓi rabi a bi ni rabi. Na san amsarki.

Ga abin da na yi. Jawabin nasa na buga shi duka ban da shafin ƙarshe, na haɗa na ba shi haka. Ranar da zai karanta a gida zai ga jawabi ya tsaya a tsakiyar magana, dole ya dawo, kuma ba da dariya zai shigo ba. Wataƙila in fuskarsa a ɗaure take, tawa ma za ta ɗauru.

Kalma biyu ce, 'yata ce. Ina gwada ta da safe in ina aske gemu, tana fita lafiya lau, ba ko gargada. A gaban mutum ne take rikiɗewa.

Kada ki sayi tikitin tukuna, kada kuma ki mayar musu da hutun. Wannan ma ba sai kin amsa ba. Ban biya ba.

Ubanki, wanda ake bi.